Tsummokaran da Yayana Ya Ɗaura wa Itatuwan Lemo

Shekarun baya, ban daɗe da samun ƙarin girma a sakatariyar ƙaramar hukuma ba, na yi wa yayana wani abu da har yau ba na iya faɗarsa da baki a cikin mutane. Rubutu ya fi mini sauƙi, shi ya sa na kawo muku shi nan.

Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu: yayana, sai ni, sai ƙanwarmu da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Yayana ya ba ni shekara shida. Yana aji huɗu na firamare sanƙarau ya kwantar da shi. Ya tashi, amma kunnuwansa sun tafi, sai ɗan abin da ya rage a na hagu. In kana so ya ji ka, sai ka zagaya hagunsa ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Harshensa ma ya yi nauyi, karatu ya tsaya a nan. Mutanen gari suka ajiye shi a sahun marasa wayo, don in an yi magana ba ya amsawa, in an yi dariya ba ya tayawa. Ni kuwa na yi karatu har difloma, na sami aiki a Kazaure, na koyi saka biro biyu a aljihun gaba. Tun ranar da na fara aiki ya laƙaba mini suna Akawu, kuma da alfahari yake faɗa.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana lambu a fadamar bayan garin Roni. Lemon tsami ne da lemon zaƙi, da 'yan mangwaro da gwaba, da rijiya a tsakiya. Ba a raba gado ba, don babu wanda ya ga dalili. Yayana ne a ciki tun daga sallar asuba har magariba. Shi ne ban ruwa, shi ne taki, shi ne gyaran shinge. Ni aikina in hau babur ranar Asabar in je in zagaya da hannu a baya, in ɗauro buhun lemo in dawo. Amma a ofis, in ana hira, "lambuna" nake cewa, ko kunya babu.

Wata Asabar a farkon damina, lemo ya fara fitar da sabon ganye, yayana ya ja hannun rigata.

"Akawu, zo ka ga wani abu."

Ya kai ni gindin wata bishiya ya nuna jikinta. Na duba, na ce ban ga komai ba. Ya ɗauki tsinke ya taɓa wurin, sai na ga wani yanki na ɓawon ya tashi sama. Ashe ƙwaro ne, irin malam-buɗe-littafin nan mai launin toka da ke zuwa wurin fitila. Ya shimfiɗa fukafukansa a jikin itacen, ya saje da shi sarai.

"Wannan ita ce uwar mai-awo," in ji shi.

Mai-awo sunan da muke kiran wata siririyar tsutsa ne tun muna yara, wadda in za ta yi tafiya take lanƙwasa bayanta sama ta miƙe, kamar mai auna yadi da taƙi. Ban taɓa tunanin tana da uwa ba.

Ya sa farce ya ɗaga ɓawon kaɗan. A cikin tsagar akwai wani abu kore-kore, a manne a jere, kowane ɗaya bai kai ƙwayar gero ba ko kusa.

"Ƙwai ne. Ba ta sa shi a ganye. Tana da wani abu a bayanta kamar allura, da shi take cusa shi cikin tsaga. Bana sun yi yawa. Ban taɓa ganin yawansu haka ba."

Na zagaya hagunsa na ce zan aiko da maganin feshi.

Ya girgiza kai. "Feshi ba ya shiga nan ciki."

Na ce to, amma hankalina yana kan waya. Ranar Litinin na sayi maganin na bai wa ɗan acaɓa ya kai masa, na ji a raina na sauke nauyi.

Bayan kamar mako uku shugaban sashenmu, wanda ya kusa ritaya kuma yake son kafa lambu, ya ce yana so ya ga nawa da nake ta yabo. Na ji daɗi ƙwarai, har sabuwar shadda na sa. Muka tafi a motarsa, shi da ni da abokan aikinmu biyu. Ban gaya wa yayana muna zuwa ba.

Muna tura ƙofar langa-langar na tsaya cak. Kowace bishiyar lemo an ɗaure mata gindi da tsumma. Yawanci yankakken buhun algarara ne, amma inda buhu ya ƙare ya haɗa da tsofaffin zannuwan Inna, har da wani jan ƙyalle. Itace sama da arba'in, kowanne da ɗamararsa. Yayana yana durƙushe a gindin ɗaya, ya juya mana baya, bai san mun shigo ba.

Ɗaya daga cikin abokan aikin, mutum ne mai son barkwanci, ya ce, "Ashe nan sirrin yake. Wane malamin ne ya ba ku wannan laƙanin? Ko bokan nan na bakin dutse ne?"

Ɗayan ya yi dariya. Shugabanmu bai yi ba. Ya dai dubi jan ƙyallen, ya dube ni, ya kau da kai. Wannan kau da kan ne ya fi ƙona ni. A take na ga labarin ya riga ni isa ofis, ana cewa gidan su wane tsafi suke yi wa lemo.

Na taka da sauri na dafa kafaɗar yayana. Ya juyo, ya gan ni, ya washe baki, ya fara goge hannu a riga don ya gaisa da baƙi. Ban ba shi dama ba. Na koma hagunsa na buɗe murya. Ku tuna, ba ya ji sai an ɗaga murya, saboda haka duk abin da na faɗa, baƙina sun ji, masu lambun maƙwabta sun ji, har matan da ke wucewa da itace sun tsaya.

"Wa ya sa ka wannan haukan? Lambun Baba za ka mayar wurin tsafi? In ba ka da hankali ba sai ka zauna a gida ba?"

Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba. Ya ɗan jima a wurin, kamar bai gama fahimta ba. Sannan ya sunkuya ya kwance tsumma ɗaya ya buɗe mini cikinsa.

"Duba, Akawu. A nan take zubawa yanzu, ta fi son buhu. Sun fara yin ja. Gobe zan kwance duka in ƙona."

Ko kallo ban yi ba. Na fizge tsumman daga hannunsa, na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya ina tsinkewa, da sabuwar shaddata da komai. Na tara su tuli guda a gindin babban lemon zaƙin da ke kusa da rijiya. Shugabanmu yana cewa in bari haka, ban saurara ba. Da na gama na miƙa wa yayana hannu na ce ya ba ni makulli.

Makullin yana rataye a wuyansa da zare. Ya ciro shi a hankali. Bai sa mini a hannu ba, ya ajiye a bakin rijiya. Ya wanke hannunsa a bokiti, ya ɗaga wa baƙin hannu alamar sallama, ya fita.

Da yamma na biya gida. Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Me ɗan'uwanka ya yi maka?"

Na ce, "Inna, ba ki ga abin kunyar da ya jawo mini a gaban manyana ba."

"Zannuwan ni na ba shi. Ya gaya mini abin da zai yi da su." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Tun da ubanku ya rasu ban ga ka ja guga ɗaya a rijiyar nan ba. Yana ɗaki. Ka shiga ka ba shi haƙuri."

Na ce sai ya huce. Gaskiyar magana ni ne ban huce ba.

Kwana biyu bayan haka Inna ta sa aka kira ni a waya. Ta ce yayana ya ɗaure kayansa a buhu ya hau mota zuwa wurin ƙanwarmu. Ta ce ya bar saƙo ɗaya: a gaya wa Akawu ya ƙona tsummokaran nan yau, kada su kwana. Ina tsakiyar shirya takardun wani taro a lokacin. Na ce to, Inna. Na kashe waya. Damina ce, lambu ba ya buƙatar ban ruwa, kuma ba na son ganin wurin. Na bar shi a kulle fiye da mako biyu.

Mai lambun da ke maƙwabtaka da mu, wani dattijo, shi ya kira ni. Ya ce, "In kana da hali ka zo yau, kada ka bari sai gobe."

Abin da na fara ji da na shiga shi ne wani ɗan sauti kamar yayyafi, alhali sama tas take. Kashin tsutsa ne ke zubowa daga rassa. Zare ne ko'ina, siriri kamar na gizo, kowanne da 'yar tsutsa tana lilo a ƙarshensa, iska tana kai su daga wannan bishiya zuwa waccan. Manyan kuwa suna kan rassa suna ta awo. Babban lemon da na tara tsummokaran a gindinsa babu ganye ko ɗaya a jikinsa, sai jijiyoyi. Na kusa da shi ma haka. 'Ya'yan lemon da suka fara ƙullawa duk an gaigaye su, sun zube a ƙasa. Na tsaya a wurin, tsutsa tana sauka a hulata, na rasa abin yi.

Washegari na nemo malamin gona. Dattijo ne mai sanyin magana, ya zo da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu a aljihunsa. Ya zagaya har ya iso tulin tsummokaran. Ya ɗaga buhu ɗaya ya juya shi.

"Wa ya ɗaura waɗannan?"

Na ce yayana.

"Wa kuma ya kwance ya tara a nan?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba.

Ya ɗora madubin a kan buhun ya ce in leƙa. Na ga kwasfar ƙwai fanko, farare, ba iyaka, kowace da 'yar hudar da tsutsa ta fito. Sannan ya kai ni jikin wata bishiya ya nemo waɗanda ba su ƙyanƙyashe ba. Abin da nake gani kamar ƙura, a cikin madubin sai ga shi dogo-dogo kamar ƙwan kaza, jikinsa da zane layi-layi kamar saƙar faifai, da ɗan lotsawa a kai ɗaya. Ya ce ta wannan wurin ne ƙwan ke samun rai kafin uwar ta ajiye shi. Ya ce tana manna shi da wani ruwa kamar ƙaro, ruwan sama ba ya wanke shi, kuma kwasfar tana da tauri, ga shi a cikin tsaga, shi ya sa feshi kan wuce ta kansa. Sabo kore ne, in ya kwana biyu ya fara ja, in ya yi duhu to ya kusa fashewa. Duka abin kamar mako guda ne.

"Ita dai wuri mai kaushi take nema ta cusa," in ji shi. "In ka ɗaura mata buhu ka sauƙaƙa mata, ka kuma tara mata ƙwan wuri guda. Sai ka kwance kafin ya fashe ka sa wuta. Ba zai kama duka ba, amma da an ƙona wannan tulin, da abin bai kai haka ba." Ya mayar da madubin aljihu. "Ni a makaranta aka nuna mini wannan, da hoto a littafi. Shi yayan naka a ina ya yi karatu?"

Na ce aji huɗu ya tsaya.

Ya ce, "Ina so in gan shi."

Na ce ya yi tafiya.

Mun yi feshi, tsutsar ta mutu, amma aikin gama ya gama. A shekarar ba mu ɗebi lemo ko kwando ɗaya ba. Manyan itatuwan sun sake toho daga baya. Ƙananan, waɗanda mahaifinmu ya dasa da hannunsa a shekararsa ta ƙarshe, suka bushe.

Za ku zaci washegari na kama hanyar Gwiwa. Ban je ba. Na ce sai an yi albashi, na ce sai hanya ta bushe, na ce sai an gama girbi. Kullum Inna in ta gan ni sai ta ce, "Ka je?" In ce ina nan dai ina shiri. Wata huɗu na yi ina wannan shirin.

Ranar da na je, na same shi a ƙofar gidan mijin ƙanwarmu, a inuwar wata bishiyar darbejiya, yana tufka igiyar shanu. Mijin ƙanwar tamu yana nan, da maƙwabtansa uku, ana hira. Yayana ya rame, yana wani tari da ban san shi da shi ba. Da ya gan ni ya ajiye igiyar ya miƙo hannu biyu.

"Akawu. Ka zo lafiya? Ya Inna?"

Aka shimfiɗa mini tabarma a kusa da shi. Ƙanwarmu ta aiko da fura. Bayan an gama gaisawa ya matso ya ce, "Ka ƙona?"

Na girgiza kai.

Ya gyaɗa kai kawai, kamar dama ya sani. "Na Baba fa, ƙananan?"

Na sake girgiza kai. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

A hanya na tsara maganar da zan yi, doguwa, har da yadda malamin gona ya yaba masa. Da lokacin ya zo duk ta gudu. Na sunkuyar da murya yadda mutanen wurin ba za su ji ba, na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya dube ni. Ya juyo da kunnensa na hagu, ya sa tafin hannu a bayansa.

"Me ka ce?"

Hirar wurin ta ɗan tsaya. Mijin ƙanwarmu yana kallona, maƙwabtan ma haka. In zan maimaita yadda zai ji, sai kowa ya ji, har matan cikin gida. Ni kuwa ga ni da babbar riga, an gama gabatar da ni a matsayin babban ma'aikaci daga Kazaure. Na ɗaga murya na ce, "Na ce Inna tana gaishe ka."

Ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Ina amsawa."

Da zan tafi na ciro makullin lambu na miƙa masa. Ya mayar mini da hannuna, ya ce in riƙe tukuna sai ya ji ƙarfin jikinsa. Ya shiga zaure ya fito da sabuwar igiya a naɗe, ya ɗaura mini a bayan babur. Ya ce igiyar gugan rijiyar lambu ta kusa tsinkewa tun kafin ya taho, kada wani ya faɗa.

Na ce a raina in na dawo zan same shi shi kaɗai, in ja shi bayan gari, in faɗa da ƙarfi yadda nake so. Tarin nan ya ci gaba. An kai shi asibiti sau biyu, ni ma na je duba shi, amma kullum akwai mutane a ɗakin, kullum ina jiran su fita. Ya rasu da bazara, kafin ruwan farko ya sauka.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, ƙanwata ta same ni a zaure. Ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Yaya, akwai abin da Babban Yaya ya gaya mini, ban sani ba ko in faɗa maka."

Na ce ta faɗa.

"Ranar da ka zo, bayan ka tafi, ya shigo yana ta fara'a. Ya ce Akawu ya ce in yafe masa. Na ce ai ni gaisuwar Inna na ji ka faɗa. Ya ce a'a, kafin nan. Ya ce ya gani a bakinka."

Shekara talatin da wani abu yana kallon leɓɓan mutane. Na san haka, tare muka tashi. A ranar ne dai na zaɓi in manta.

Na ce, "To me ya sa ya tambaye ni me na ce?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce ya yafe tun kafin ka zo. So ya yi kawai ya ji da kunnensa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a zauren nan ba. Ƙanwata ta tashi ta shiga ciki ta bar ni.

Yanzu na yi ritaya, ni ke kula da lambun, kuma na iya jan guga. Inna ma ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar mini da maganar ba. Mutane suna cewa in gode wa Allah tunda ya yafe, kuma ina godewa. Lemon da muka rasa ya daɗe da fita raina, kunyar ofis kuwa ko mako ba ta yi ba kowa ya manta, shugaban namu ma bai taɓa ambatar zancen ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na daina auna hankalin mutum da saurin bakinsa. Kuma in na yi wa wani laifi a gaban jama'a, a gaban jama'a nake ba shi haƙuri, ko yarona ne, ko matata, ko mai gadin unguwa. Wasu suna ganin abin ya yi yawa, har 'ya'yana kan ce, "Baba, ai ya wuce, ka rage murya." Ba na ragewa.

Amma duk wannan bai biya wancan ba. Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba tun muna yara, rana ɗaya ya roƙe ni in maimaita kalma uku, ni kuwa na dubi fuskokin baƙi na ba shi gaisuwar Inna.

Allah Ya jiƙansa. In kun karanta har nan, ku sa shi a addu'a.